Motocin da Suka San Juna

Mamarmu ta tsufa tana ɗaga wa motoci sanda. Wurin aikinta wani ɗan akurkin ɗaki ne na katako da gilashi a bakin filin ajiye motoci na wani babban kanti. A ciki akwai kujera mai guntuwar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da fanka mai girgiza kai kamar kullum musu take yi, da damin tikiti a cikin tsohon gwangwanin madara. Mota ta tsaya, Mama ta yago tikiti ta miƙa, ta ja igiya, sandar ƙarfe mai ja da fari ta tashi, mota ta wuce. Iyakar aikin ke nan, amma a hannun Mama sai ya koma sarauta.

Ba a wuce ƙofarta ba gaisuwa. Ko wane ne kai, in ka miƙo hannu ta taga fuska a murtuke, sai ta riƙe igiyarta ta ce, "Ina kwana dai, ɗana," ta tsaya tana jiran amsa. Ta san mai cutar ƙafa, ta san wadda ta haihu, ta san wanda ya sauya mota bai sauya hali ba. Direbobi suka sa mata suna Maman Ƙofa, sunan ya bi ta har gida. Ni da nake 'yarta ta biyu, tela ce ni, amma har yau in zan yi wa mai kawo ɗinki kwatancen shagona, sai na ce 'yar Maman Ƙofa kafin a gane.

Ana nan sai manajan kantin ya tara masu ƙofa ya ce za a kawo na'ura mai ɗaga sanda da kanta. Mutum ɗaya za a bari ya kula da filin gaba ɗaya, kuma Mama yake so, amma masu kantin sun kafe sai mai takardar shaidar karatun kasuwanci. Mama ta dawo gida ta ajiye jaka ta ce makaranta za ta koma. Baba, tsohon direban dogon zango da ya ajiye aiki ya rasa inda zai kai ƙarfinsa, ya tafa hannu ya ce gemu ma bai hana ilimi ba, balle ita da ba ta da shi. Daga ranar ya daina ce mata komai sai Ɗalibata.

Ta shiga ajin ƙarshen mako, ta zauna a layin gaba cikin sa'annin 'ya'yanta. Darasin saye da sayarwa ta cinye shi. Darasin kula da ma'aikata kuwa cewa ta yi wanda ya raini yara a ɗaki biyu ba a koya masa wannan. Ƙididdiga ce ta yi mata ƙafar ungulu, ta kayar da ita a zagayen farko. Dokar makarantar kuma, wanda ya faɗi darasi sau biyu ya tafi ke nan. Ga na'ura tana hanya, ga takarda ta maƙale a hannun malami guda.

Malamin wani siririn saurayi ne mai tabarau, ɗalibai na ce masa Malam Wataƙila, don ko sunansa ka tambaye shi da wataƙila zai fara. Shi ya ba Mama aikin da zai fid da ita ko ya binne ta. A kan teburin yankana ta yi mana bayani, tana buga almakashina kamar sandar malami.

"Ku saurara, jahilai. Duk minti biyar zan rubuta motoci nawa suka shigo, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da kasuwa ke tafiya daidai. In na tara da yawa sai in ware: sau nawa ba ko mota, sau nawa ɗaya, sau nawa biyu, har sama. Kowanne a ja masa ginshiƙi daidai tsayinsa. Ginshiƙan nan za su yi tudu. Shi kuma lissafi yana da layinsa da yake ja tun bai ga hanya ba, matsakaicin adadin kawai za ka ba shi. In layin ya hau kan tudun ya zauna, to ka kama halin hanyar. Daga nan za ka faɗi yaushe layin motoci zai yi tsawo, da ƙofa nawa ya kamata a buɗe."

Baba ya ce, "In bai zauna ba fa?"

"Sai ka nemi matar da za ta riƙa zaman gida tana kallonka."

Akwai sharaɗi guda da Malam ya nanata, Mama ma ta faɗa mana, amma a lokacin Baba ya tafi duba ruwan shayinsa. Lissafin ba ya aiki sai in kowace mota don kanta ta zo, ba ta san ta gabanta ba, ba ta jiran ta bayanta.

Ranar farko ta dawo tana tsaki. Ta ce hanya ta yi sanyi, kamar an gaya wa motoci ana ƙirga su. Baba ya kalli silin yana shafa haɓa, mu kuwa da muka san shi ya kamata a ce mun tsorata.

Washegari Mama ta shigo bakinta har kunne. Motoci sun ɓarke! Ta ce tana zaune shiru sai ga su bi da bi, har hannunta ya gaji da igiya. Kwanakin da suka biyo haka, kullum da labarin da ya fi na jiya. Ta fara tafiya tana rangaji, tana yi wa fankarta waƙa, ta sayo wa kanta jan biro. Baba ya riƙa gyaɗa kai yana cewa, "Ai na gaya miki, Ɗalibata, Allah ba ya barin mai nema." Baffanmu, ƙanen Baba, makanike ne mai gareji a bayan layinmu, shi ma sai ya tsiro da zuwa gaisuwa kullum da yamma yana tambayar yaya karatu, yana danne dariya a cikin kofin shayi.

Da ƙirga ta cika, ni aka ba aikin zane saboda hannun tela ba ya karkata. Na shimfiɗa farin kwali, na ɗauko abin awona, Mama na kira ina ja. Tudu ya fito ɗan daidai a gefen hagu, gwanin sha'awa. Sai fili fetal. Sai can a ƙuryar dama wani ginshiƙi ya miƙe shi kaɗai, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Mama ta latsa lissafinta a waya, ta ba ni wuraren da layin zai bi, na ja. Layin ya ratsa ta filin da ba kowa, bai taɓa tudun ba, bai kai ga haƙorin ba.

Ta juya kwalin sama, ta juya shi ƙasa. Ta ce laifin hannuna ne. Na ce hannun nan ya yanka rigunan amare ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. A ƙarshe muka naɗe kwali, na rako ta wurin Malam don in kare mutuncin sana'ata.

Malam Wataƙila ya shimfiɗa kwalin a teburinsa, ya danne gefe da kofi, gefe da waya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Mama, wataƙila akwai danja kusa da ƙofarki, mai tare motoci ta sake su gaba ɗaya?"

"Babu, Malam."

"Makaranta fa, da ake tashi lokaci guda?"

"Ko ɗaya."

Ya ɗora yatsa a kan haƙorin nan. "To, Mama, waɗannan motocin sun san juna. Su wane ne a ciki?"

Mama ta gyara zama, don in dai mutanen ƙofarta ne ba ta mantuwa. "Wasu dattawa ne, Malam, masu ladabi. Dukansu da baƙin tabarau, hula an ja har gira. Kullum da motoci daban-daban. In sun shigo sai su jera a layi ɗaya, hanci da hanci. Ɗaya ya fito ya zagaya yana harbin tayoyi. Ba na jin suna shiga kantin ma. In za su fita kuma na gaba ya yi hon sau biyu, na ƙarshe ya amsa masa da…"

Ta tsaya da baki buɗe. Ni ma na tsaya. Tun muna yara, in Baba ya dawo daga tafiya da abokan aikinsa, da wannan hon ɗin suke sallama a bakin layinmu.

Malam ya kifa kai a tebur yana dariya har tabaransa suka zame. Da ya farfaɗo ya ce jibi da yamma ake rufe karɓar aiki, ba shi da ikon ƙara ko awa. In ta samu ƙirga mai tsabta, ko ta wuni ɗaya ce, zai duba.

Mun tarar da su a tsakar gida, Baba da Baffa, rediyo na yi, shayi na tururi. Mama ta warware kwalin a gabansu ta nuna haƙorin.

"Maigida, wannan wane ne?"

Baba ya leƙa, ya ga ya fi duk sauran tsawo, fuskarsa ta washe. "Mu ne nan? Kai, ƙanena, zo ka ga inda muka kai!"

Ko musu bai yi ba, alfahari ma yake. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin makarantar da kaɗan ya fi yawa ba. Ya ji ta tana kukan ƙarancin motoci, shi kuma yana da abokai tsofaffin direbobi da ke zaman banza a gindin bishiya, ƙanensa yana da gareji cike da motocin mutane. Me ya rage? Shi dai bai shiga ba don kada ta gane shi, a kwanar hanya yake tsayawa yana ba da hannu.

Baffa ya ce, "Matar yaya, ai gwajin birki ne. Duk motar da aka kawo gyara dole a zagaya da ita. Mu dai mun zaɓi inda za mu zagaya ne."

"To da kuka tashi, me ya hana ku zo ɗaya-ɗaya kamar mutane?"

Baba ya dafe ƙirji kamar an zage shi. "Ɗaya-ɗaya? Direban dogon zango ya bar ɗan'uwansa a baya? In taya ta fashe fa? Mu a ayari muka tashi, a ayari za mu mutu. Har na ce musu su ɗan rarrabu, babbanmu ya ce shi bai taɓa shiga gari bai ga fitilar na bayansa a madubi ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba."

Tafiyar da ba ta fi a sha kofin shayi ba ce fa, daga garejin zuwa kantin.

Mama ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a bakin rijiya tana riƙe ciki, mu ma muka kama. Can sai na ga dariyar ta sauya, hawayen na gaske ne. Ta ce, "Garin neman gira kun raba ni da ido. In jibi ta yi ban kai komai ba, ba takarda, ba aiki. Shekara nawa ina jan igiyar nan, ƙarfe zai kore ni, mijina ya taya shi." Baba ya kashe rediyo. Ya rantse da girman Allah gobe ko motar dangi ɗaya ba za ta kusanci ƙofarta ba, shi da kansa zai tabbatar.

Da mun natsu da mun ji haɗarin da ke cikin wannan "da kansa".

Gari ya waye, ya kai ta aiki kamar kullum, ya ce zai wuce gareji. Na bar shago na je taya ta riƙe agogo. Hantsi ya yi, muka fara. Shiru. Minti biyar ba mota, wani biyar ba mota, Mama tana ta rubuta sifiri har jan biron ya fara ba ta haushi. Sai kawai muka ji gari ya ɗauki hon, motoci suka kwararo kamar an fasa madatsar ruwa, kowane direba yana huci. Wata mata mai yara a baya ta sauke gilashi ta ce, "Maman Ƙofa, yau kuma binciken mene ne a kwana? Wani tsoho ya tare mu wai sai mun faɗi ko mun san matarsa."

Mama ta ba ni igiya ta ce in riƙe. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba. Abin da ta tarar, kamar yadda ta ba mu labari daga baya, Baba ne a tsakiyar hanya cikin tsohuwar rigarsa mai ƙyalli ta direbobi, da jan ƙyalle a hannu. Kowace mota sai ya leƙa ya tambayi direba ɗan wane ne, daga ina, ya san wata mai ƙofa? In ya tara waɗanda ya gamsu baƙi ne tsantsa, sai ya kaɗa ƙyalle ya sake su tare. Har ya mayar da wani mai motar burodi gida saboda ya ce Mama ta taɓa yi masa addu'a.

Ta kamo shi da hannun riga, ta taho da shi har akurkinta, mutane na yi mata tafi. Wunin nan ma ya tafi a banza. An gudu ba a tsira ba, saura gobe kaɗai.

Da yamma ta yanke hukunci a gaban kowa. Gobe Baba ba zai taka ko bakin ƙofar gida ba. Makullin motarsa ta zare daga aljihunsa ta ba ni, na jefa a aljihun keken ɗinkina na kulle. Baffa aka aika masa cewa in aka ga motar garejinsa ko a mafarki, zumunci ya yanke. Ita kuma a motar haya za ta tafi. Ni ce mai gadin Baba.

Na kawo kekena gida na kafa a bakin ƙofar falo. Da safe Mama ta rataya jaka ta fita, Baba ya bi ta da ido ta taga har ta sha kwana. Tun da ya ajiye aiki bai taɓa barin ta tafi ita kaɗai ba. Ya zauna, ya tashi. Ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ya ce zai je sayen batirin rediyo, na ciro sabo daga jakata na miƙa masa. Ya ce ƙafarsa na so ta miƙe, na ce tsakar gida na nan. Ya ce ni 'yar uwata ce sak, ba tausayi. Na ce na gode.

Wajen hantsi ya zauna a kujerar Mama yana murza yatsunsa kamar mai neman makulli. Na ɗauka barci ya yi. Sai na ji ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Lokacin da nake hanya, sai in yi makonni ba na gida. Da igiyar nan ta riƙe ku. Zazzaɓinku, makarantarku, duk ita. In na dawo sai in tarar an gama komai, nawa kawai in ci in yi barci. Yanzu na zauna, na ce bari in ɗauke mata wani abu ko sau ɗaya. Ashe babban taimakon da zan yi mata shi ne in kauce."

Na dakatar da keken. Tausayinsa ya kama ni har na kusa buɗe aljihun nan, wallahi. Amma na tuna haƙorin, na ci gaba da ɗinki. Shi kuma, abin da har yau nake jinjina masa, bai sake neman hanyar fita ba. Ya zauna daram har azahar ta wuce, gumi na keto masa kamar wanda ya tura babbar mota.

Mama ta faɗo gida da gudu, mayafi a hannu. Na ture ɗinkin mutane ƙasa, na shimfiɗa sabon kwali. Tana kira ina ja, tana kira ina ja. Ginshiƙai suka tashi a hankali, suka kai ƙololuwa, suka gangara da doguwar jela zuwa dama. Ba fili, ba haƙori. Ta latsa wayarta, ta ba ni wuraren layi. Na ɗora biro na ja, layin ya hau ta hagu, ya bi kan ginshiƙan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sauka ta dama, ya zauna musu kamar rigar da aka auna.

Mama ta yi wata ƙara da ta sa maƙwabciyarmu leƙowa ta katanga. Ba mu tsaya bayani ba. Muka naɗe kwali muka tari mota, muka isa makaranta Malam yana haɗa jakarsa. Ya warware, ya duba, ya ɗora hannu a ka. Ya tambaye ta me layin ya gaya mata. Mama ta gyara tsayuwa ta ce a irin wannan lokacin ƙofa ɗaya ta isa, da wuya motoci su taru fiye da yadda sanda za ta iya sallama, ta biyun a bar ta sai ranar da matsakaicin ya ɗaga. Ya leƙa baranda ya kira ɗaliban da suka rage su zo su ga aiki. Sannan ya ɗauki biro ya sa hannu a ƙasan kwalin ya ce ta ci, ta je ta gaya wa manajanta. A tsakiyar ofishin mutane uwata ta cire takalmi ta taka rawa, ni ina yi mata kiɗa da murfin kwandon shara.

Mun dawo mun tarar da Baba a inda muka bar shi, a kujerar nan, ko takalmi bai sa ba. Mama ta shimfiɗa masa kwalin a cinya. Ya bi layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai duba taswirar hanyar da bai taɓa bi ba.

"Ɗalibata, ni ina nake a nan?"

"Ba ka ciki, Maigida. Duk waɗannan baƙi ne, ba wanda ya san wani."

"Ko kaɗan ba ni?"

"Ko ƙurarka babu. Shi ya sa ya yi kyau."

Ya gyaɗa kai, ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "To, alhamdu lillahi. Ashe na iya."

Mama ta zauna a hannun kujerar ta dafa kafaɗarsa. Ta ce da ni in buɗe aljihun keken in ba mijinta makullinsa, gobe da sassafe shi zai kai ta wurin manaja.